Me ya sa ba a gama masa aiki a zama ɗaya ba?

Tambaya: Likita, babbar mota ce ta buge ƙanena yana kan babur. Ya karye a cinya da haƙarƙari, jini kuma ya taru masa a ciki. An yi masa tiyata amma ba a ɗinke cikin duka ba, ƙafar ma ƙarafa kawai aka kafa mata ta waje. Dangi sun ce mu kai shi wurin mai ɗori. Ina mafita?
Daga wani mai karatu a Agege, Legas

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Malam. Kada ku ɗauke shi. Wannan ba sakaci ba ne, ƙa'idar aikin ke nan.

Babban mutum yana da jini kamar lita 5. Karayar cinya kaɗai tana iya shanye lita 1 zuwa 1.5 ba tare da an ga ɗigo a waje ba, balle a haɗa da fashewar saifa ko hanta. Wanda ya yi irin wannan asara jikinsa yakan yi sanyi, jininsa ya yi tsami, ya daina daskarewa, kowane ɗaya yana ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi. In aka tsaya awa biyar ana gyara komai, sai a gama aiki mai kyau a rasa mai shi.

Shi ya sa tiyatar farko gajera ce: a ɗaure jijiyar da ke zubar da jini, a toshe hanjin da ya huje, a danne wurin da auduga ta musamman, a rufe cikin na wucin gadi. Daga nan sai ɗakin kulawa ta musamman, a ɗumama shi, a ƙara masa jini. Bayan awa 24 zuwa 48 a koma a cire audugar a ƙarasa. Ƙarafan waje kuwa riƙon ƙwarya ne, suna hana ƙashin motsi har majinyacin ya yi ƙarfin da za a sa masa ƙarfe a ciki.

Mai ɗori ba ya ganin ciki, kuma jan ƙafar da matse ta na iya tayar da zubar jini ko ruɓewar da ke kai ga yankewa. Haƙarƙarin ma ana sa masa ido saboda huhu.

Taimakonku shi ne jini. Ku tara matasan unguwa lafiyayyu su bayar, kuma kada a ba shi ko kurɓin ruwa, har da na rubutu, sai likitansa ya yarda.