Amsa: Wa ya rubuta Way Maker ɗin da ake ta rerawa a wajen aikinmu?

'Yar'uwa kin ce abokan aikinki 'yan Filifin a Riyad kullum suna rera Way Maker, wai waƙar wani Ba'amurke ce. A'a wallahi, tamu ce ta gida! Sinach ce ta rubuta ta, sunanta na gaskiya Osinachi Kalu, 'yar asalin jihar Ebonyi, kuma fiziks ta karanta a Jami'ar Fatakwal, ba kiɗa ba. Ta daɗe tana jagorantar waƙoƙin yabo a cocin Christ Embassy kafin duniya ta san ta.

A ƙarshen 2015 ta fitar da waƙar, daga baya su Michael W. Smith da Leeland suka sake rera ta a Amurka, shi ya sa mutane ke ɗauka tasu ce. Lokacin korona a 2020 kuwa abin ya wuce misali, mutane suna taruwa a harabar asibitoci suna rera wa ma'aikatan jinya, a shekarar Sinach ta ci kyautar waƙar shekara ta Dove, wato kyautar da ake ba waƙoƙin Kirista a Amurka, har ta hau saman jerin marubutan waƙoƙin Kirista na mujallar Billboard ta Amurka.

Ni nan Jidda nake aikin jinya, kin san babu coci a ƙasar nan, to ranar Juma'a da nake hutu sai in rufe ɗaki in sa iyafis in bi ta a hankali, wani lokaci har hawaye, sai in tuna kwayar cocinmu a Kafanchan da muryar mamata. Ki nuna musu bidiyonta na YouTube su ga fuskar mai waƙar, sannan ki nemi wata waƙarta, I Know Who I Am.