Tambaya da Amsa: Wai har yanzu muna cikin dokar ta-ɓaci ne a Jos?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni tun ina firamare nake ganin shingen sojoji a Jos, buhunan yashi da durom a tsakiyar titi, yanzu har na yi aure na haihu suna nan. Wai har yanzu dokar ta-ɓaci muke ciki ne? Kuma da gaske shugaban ƙasa zai iya tashi rana ɗaya ya cire gwamna?
Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba a cikinta muke ba, abu biyu ne mutane ke haɗawa. Sojojin da kake gani sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ba shugaban ƙasa damar kiransu su taimaka wa hukumomin farar hula in rikici ya fi ƙarfinsu, ta nan rundunar STF, wato rundunar tsaro ta musamman, ta zauna mana tun 2010.

Ita dokar ta-ɓaci a sashe na 305 take, kuma ba haka kawai ake kafa ta ba, sai an buga sanarwa a gazet, wato jaridar hukuma ta gwamnati, sannan majalisar dattawa da ta wakilai kowacce kashi biyu cikin uku su amince cikin kwana 2 in suna zama, kwana 10 in suna hutu, in ba haka ba ta rushe. Wata 6 take yi sai dai a sabunta.

Mu 'yan Filato ai mun ɗanɗana. 18 ga Mayu 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, Obasanjo ya kafa ta, ya dakatar da Gwamna Dariye da majalisar jiha ya kawo Janar Chris Alli ya riƙe jihar. Amma Jonathan da ya sa ta a Borno, Yobe da Adamawa a 2013 bai taɓa gwamna ko ɗaya ba, sai ga Tinubu a Maris 2025 ya dakatar da Gwamna Fubara a Ribas. Ka karanta sashe na 305 da kanka, babu inda ya ambaci cire gwamna, shi ya sa lauyoyi ke ta ja-in-ja a kai.

Ni dai abin da ke damuna wallahi shi ne sabo. Ina tuna lokacin da sai ka sauka daga mashin ka tura shi, ko ka ɗaga hannu sama kafin ka wuce shinge, tsoho da furfura ma haka. An koya wa soja yaƙi ne, sasanta rigimar unguwa aikin ɗan sanda ne, kuma shekara goma sha biyar ta isa a ce an gyara 'yan sanda sun karɓi aikinsu.