Hayaƙi ya kwanta a gonar inabin da nake saye, in biya kafin alƙalami?

Wani ɗan kasuwa mai sayen inabi tun yana gona, yana kai wa masu matsa shi su yi giya, ya aiko da tambaya. Maƙwabcin gonar ya girbe alkama ya cinna wa karan wuta, hayaƙi ya wuni kwance a kan inabin, saura mako biyu a tsinka. Ɗan kasuwan ya je ya ɗanɗana inabin, zaƙi zaƙwai, ba ƙauri ko kaɗan. Mai gona kuma yana jiran kuɗin kafin alƙalami.

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Harshenka ba zai iya yi maka wannan shaidar ba. Idan kara ko itace ya ƙone, hayaƙinsa na ɗauke da sinadarai irin su guaiacol da cresol. Suna ratsa bawon inabin, sai 'ya'yan su ɗaure su da sukari, su yi lamo ba wari. Sai an matse an tsima sannan su kwance, wani lokacin ma sai bayan watanni a cikin kwalba. Mai sha ya kurɓa, miyau ya ƙarasa kwance su, a bar shi da ɗanɗanon toka mai sanyi a maƙogwaro. A lokacin kai ka riga ka biya, kuma sunanka ne a kan kayan.

Lokacin da abin ya faru ne ya fi damuna. Binciken da aka yi a Ostireliya, inda aka fara ɗaukar matsalar da muhimmanci bayan gobarar daji ta 2003, ya nuna haɗarin ya fi yawa daga kamar mako guda bayan 'ya'yan sun fara laushi da sauya launi har zuwa ranar tsinka. Naka yana tsakiyar wannan zangon, kuma ɗanyen hayaƙi na kusa ya fi wanda iska ta kwaso daga nesa illa. Wanke nonon inabin da ruwa ba ya fid da shi, ya riga ya shige.

Wannan ba ya nufin kayan sun lalace tabbas. Wutar kara ba ta daɗewa kamar ta daji. Abin yi shi ne gwaji. Ka tsinko daga layukan da ke bakin iyaka daban, na tsakiya daban, ka aika ɗakin gwaje-gwaje, ka ce a auna har da sinadaran da ke ɗaure da sukari. Ka kuma sa a tsima kaɗan a bokiti na kwana biyar zuwa bakwai, mutane da dama su ɗanɗana, don akwai waɗanda ba sa jin ƙaurin sam. Kada ka yi jinkiri: a Kalifoniya a 2020 ɗakunan gwaji sun cika maƙil, sakamako ya yi ta makara, masu saye da yawa suka ƙi karɓar kaya.

In ƙaurin kaɗan ne, akwai ciniki, amma a wani farashin. A tsinka da hannu ba ganye, a matse da wuri a raba ruwan da bawo, a yi farar giya ko mai ruwan hoda, tunda ja tare da bawonta ake tsima ta. Ana tacewa da gawayi na musamman, sai dai yana tafiya da ƙamshin kirki ma.

Kafin ka ba da ko sisi, ku rubuta a takarda: wane ɗakin gwaji, wane adadin sinadaran ne zai jawo ragi, wane ne zai sa a fasa ciniki, wa zai biya kuɗin gwajin. Kurangar ba ta riƙe ƙaurin zuwa baɗi, don haka kada ka rabu da mai gonar. Ku je tare wurin maƙwabcin tun kafin girbi mai zuwa, ku gaya masa ranar tsinkarku, ku roƙe shi ya jinkirta wutar ko ya jira ranar da iska ta juya wa inabin baya.