Ga ƙanina mai shirin zuwa Manchester da ciwon hanji

Wa'alaikumus salam ƙanina. Na ga saƙonka, ka ce an duba maka hanji da kyamara likita ya ce kana da dibatikula, waɗannan ƴan aljihunan da ke fitowa a jikin babban hanji, ga shi kuma ka samu gurbin mastas a Manchester har kana tunanin ko ka fasa. Don Allah kar ka fasa. Cutar nan a nan Ingila ma ta fi yawa, likitocinsu sun saba da ita sosai. Ni abin da nake jiye maka shi ne cimar ɗalibai.

Yaranmu in sun sauka sai ka ga daga farin burodi sai cips da soyayyar kaza sai Indomie da daddare saboda shi ne mai arha kuma ba ya cin lokaci, to shi ke busar da ciki mutum ya kwana biyu bai zaga ba yana ta yunƙuri, kai kuwa hanjinka ba ya son haka ko kaɗan. Tun 1971 Denis Burkitt, likitan da ya daɗe yana aiki a Uganda, shi da Neil Painter suka rubuta cewa da wuya a ga cutar a karkarar Afirka, suka danganta hakan da abinci irin namu na gado mai faiba, wato dusa-dusar hatsi, wake da ganye da ba ta narkewa a ciki. A nan ana son babba ya samu giram 30 na faiba a rana, galibin mutanen ƙasar ma ba sa kaiwa.

Abincin gida ake nema kawai. Wake, kuka, busasshiyar kuɓewa duk akwai a shagunan ƴan Afirka na Moston Lane, ots kuma ba shi da tsada a Aldi ko Lidl, ka niƙa shi a blenda ka tuƙa tuwo da shi, da miyar kuka wallahi yana tafiya. Burodi ka sayi mai ruwan ƙasa. Amma sannu a hankali za ka ƙara, in ka dira wa wake lokaci guda kumburin ciki ne zai dame ka. Sai ruwa, wannan shi ke kada mutane, sanyi ba ya bari ka ji ƙishi, ka riƙa yawo da gora a jaka. Inda ba nisa ka taka da ƙafa. Gyaɗa da guguru da aka ce ka daina, wannan tsohuwar magana ce, bincike bai nuna suna tada ciwon ba. Jan nama dai ka rage, kilishi kuwa kar ma ka ɗauko, an hana shigo da nama daga Najeriya.

Ibuprofen da codeine ka nisance su, in ciwo ne farasitamol.

Satin farko ka yi rajista da GP, wato likitan unguwa, ai ka riga ka biya kuɗin kula da lafiya fam 776 na shekara tare da biza, ka zo da takardar sakamakon kyamarar ka nuna musu. In ka ji ciwo ya tsaya maka a ƙasan ciki ta hagu ga zazzaɓi, ko ka ga jini a bayan gida, kar ka zauna a ɗaki kana jiƙe-jiƙe, kira 111, lambar neman taimakon lafiya ta nan, nan take, jinin in da yawa ka wuce asibiti kai tsaye. A irin wannan lokacin mai yiwuwa ma su ce ka dakata da faibar na ƴan kwanaki. Allah ya kawo ka lafiya, ka gaida su Mama.