Kyamarar Canon ta ƙi fitowa a kwamfuta: amsa ga ɗan'uwanmu mai ɗaukar hoton biki

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: ka ɗauko hotunan ɗaurin aure da Canon 1300D, ka jona ta da laftof mai Windows 10, kwamfutar ko motsi ba ta yi ba, ga kuma masu biki sun matsa maka lamba. Kwantar da hankalinka, hotunanka suna nan a kan kati, wato katin SD da ke cikin kyamarar. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma da wuya a ce kyamara ce ta lalace.

Fara duba Wi-Fi. Wannan samfurin da wasu 'yan'uwansa na Canon, muddin Wi-Fi/NFC yana kan Enable, to ƙofar USB a rufe take. Shiga menu, ɓangaren da ke da alamar sifana, ka mayar da shi Disable, ka kashe kyamarar ka sake kunnawa. Mutane da yawa sun kai kyamara wurin mai gyara a kan wannan kaɗai, abin yana ba ni takaici.

Idan ba shi ba ne, zargi igiyar USB ɗin da ka jona kyamarar da ita. Bakin 1300D mini-USB ne, kuma kasuwa cike take da igiyoyin da caji kawai suke yi, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Ido ba ya bambance su. Ari wata wadda aka tabbatar tana aiki, ka soka ta kai tsaye a jikin laftof ba ta cikin hub ba (wato na'urar nan mai ƙara yawan ramukan USB), batir kuma ya kasance da caji sosai.

Wani abin da ke rikita mutane: kyamarorin Canon ba sa fitowa kamar filashi mai harafin E ko F. Da tsarin tura hotuna da ake kira PTP suke magana da kwamfuta, saboda haka a This PC za ka ga sunan kyamarar ne da ɗan hotonta. Idan babu, buɗe Device Manager, alamar rawaya a gefen wata na'ura tana nufin direba ne bai zauna ba, wato manhajar da ke sa Windows ya gane na'urar. Cire shi, ka zare igiya ka mayar, Windows zai sake sa shi. EOS Utility ma, manhajar kwashe hotuna daga kyamara zuwa kwamfuta, kyauta ne a shafin Canon.

Amma shawarata ta gaskiya, sayi kad rida, wato 'yar na'urar da ake sa kati a ciki a jona da kwamfuta, ka huta. Ni yanzu ba na jona kyamara da kwamfuta sam. Ka zare kati, ka sa a rida, ka buɗe foldar DCIM, ka kwafe. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ba ya cin batir, kuma bakin USB na kyamara ba zai sassauta ba, wanda gyaransa ya fi kuɗin rida tsada sau da yawa. Duba gefen laftof ɗinka ma, wataƙila yana da ramin kati. Sai dai ka lura da girman katin: daga 4GB zuwa 32GB SDHC ne, daga 64GB zuwa sama SDXC ne, kuma tsohuwar rida ba ta karanta shi.

A nan ne nake roƙonka don Allah: idan kwamfuta ta ce sai an yi wa katin fomat, danna Cancel, domin fomat yana goge abin da ke kan kati. Kada ka yarda ko kusa. Mayar da shi kyamara, in hotunan suna fitowa a fuskarta to ridar ce matsala. Sannan kafin ka sa katin a kwamfutar wani, musamman ta shagon buga takardu, tura ɗan makullin da ke gefensa zuwa Lock, don bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar shotkot kada ya samu shiga. Kwafa (Copy) za ka yi, ba yankewa (Cut) ba, kuma ka ajiye a wuri biyu kafin ka goge komai, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. In ka tashi fomat, yi shi a cikin kyamarar.

Idan ka ga fayiloli masu ƙarewa da CR2 sun ƙi buɗewa, ba lalacewa suka yi ba, RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoto da ba a sarrafa ba tukuna. Digital Photo Professional na Canon zai buɗe su ya mayar maka JPEG.

Gwada Wi-Fi ɗin tukuna. In bai yi ba, turo mana hoton abin da Device Manager ya nuna da girman katinka, sai mu ɗora daga nan.