Amsa: Yara na yin tsit a darasin labarin Turanci

Malama, kin ce 'yan aji ukunki tsit suke yi in kin fara ba su labari da Turanci. Ni dai jimloli biyar kacal na zaɓa, irin su ku saurara, ku dubi hoto, sai me ya faru, kullum su nake nanatawa da Turanci ina kama kunnena ina nuna allo, ba fassara. Ki fara da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tunda sun san ta, harshen ne kawai baƙo. In yaro ya amsa da Hausa don Allah kar ki gwale shi, maimaita masa da Turanci ku wuce. Wallahi wata ɗalibata mai kunya, sati uku ta fara riga ni yin tambayar.