Yaya gumakan Buda na yumɓu suka shekara fiye da dubu ba su zube ba?

Tambaya: Malam, na ga hotunan gumakan Buda (wanda ya kafa addinin Buda) da ke cikin wasu kogwanni a ƙasar Sin, aka ce wai da yumɓu aka yi su. Gasa su aka yi kamar tukunya? In ba haka ba, me ya riƙe su har yau?

Amsa: Ba a gasa su ba, ɗanyen yumɓu ne ya bushe a inda aka gina shi. Ɗauki kogwannin Mogao kusa da Dunhuang, a lardin Gansu, waɗanda tarihi ya ce an fara haƙawa a shekarar 366. Gumakan cikinsu sun haura 2,000. Dutsen wurin tsakuwa ce da yashi suka dunƙule, ba ya sassaƙuwa da kyau, shi ya sa masu aikin suka koma ga laka.

Da itace ake farawa. A kafa shi a matsayin ƙashin baya da hannaye, a naɗe shi da kara, a ɗaure tamau har siffar jiki ta fara fitowa. Sannan a yaɓa laka mai kauri da aka kwaɓa da ciyawa, kamar dai yadda maginanmu suke kwaɓa ƙasar gini don kada ta tsage. In ta sha iska, a bi ta da yumɓu mai laushi haɗe da zaren tsiro, kuma a wannan yaɓen ne ake fitar da ido da leɓe da ninkin tufa. A ganina nan gwanintar take. Daga nan a shafa farar ƙasa, a yi fenti da niƙaƙƙun duwatsu masu launi. Fentin da ke da dalma a ciki ya rine da daɗewa, shi ya sa wasu fuskokin zanen bango suka yi baƙi.

Manya-manyan kuwa itace ba zai ɗauke su ba. Na kogo na 96, mai tsayin mita 35.5 da aka yi a 695, jikin dutsen aka rage, aka yaɓe shi. Haka manyan gumaka biyu na Bamiyan a Afganistan da Taliban suka rusa a 2001, inda aka fitar da ninkin rigar babban cikinsu da igiyoyi a kan turaku, aka lulluɓe da laka.

Abin da ya riƙe su hamada ce. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai a Dunhuang, ga kuma inuwar kogo. Laima ce babbar matsalarsu, har da ta numfashin masu ziyara, don haka aka ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana.